Wa Ya Je Ƙarshen Layi Ya Dawo?

Ƴan'uwa ɗalibai, duk wanda ya zauna kwaleji cikinmu ya san tambayar nan da ke dawowa kowace shekara a jarrabawar lissafi: ga layi (AB), ga layi (CD), nuna cewa paralel ne. Mun haddace hanyar amsa, mun karɓi makinmu, mun wuce. Amma akwai wani abin mamaki cikin tambayar da ba a cika tsayawa kansa ba. Ma'anar da mushe ya rubuta muna a tabulo ita ce: miƙaƙƙun layuka biyu bisa shimfiɗa ɗaya, waɗanda ko an yi ta jan su gaba da baya ba iyaka, ba za su haɗu ba. To, regil ɗinka santimita 30 ce, shafin kaye ɗinka bai ma kai haka ba, kwanakinka a duniya kuma ƙidayayyu ne. Da wane ƙarfin hali za ka sa hannu bisa maganar da ta shafi wurin da ba ka je ba, ba kuwa za ka taɓa zuwa ba?

Abin da ya sa na ɗauko wagga tambaya shi ne, jimlar nan tana bakinmu kullum, ba cikin aji kaɗai ba. "Ni da wane har abada." "Mu da su, hanyar jirgi daban, ta mota daban." Da ita ake kashe abota, da ita ake yanke zumunci, da ita ɗalibai ke rabuwa gida biyu a makaranta ɗaya. Masu lissafi sun shafe shekaru fiye da 2000 suna binciken sharuɗɗan da za su ba mutum damar cewa "ba za su haɗu ba" game da zane biyu marasa rai. Mu kuwa muna faɗin ta game da mutane cikin daƙiƙa ɗaya. Ya kamata mu duba yadda su suka yi, sannan mu auna namu.

Mi kalmomin ke faɗi

Kalmar paralel ta shigo bakinmu ta Faransanci, amma asalinta Girkanci ne: para, wato gefe, da allelon, wato juna. Gefen juna ke nan. Larabci ya ce mutawazi, bisa awon nan na tafa'ul da ke nuna abin da biyu ke yi wa juna, irin na ta'awuni da ta'arufi. Hausa ba ta ware kalma guda ba, amma ba ta rasa abin faɗi: daura da juna, kafaɗa da kafaɗa, a jere. Manomi ya san kunyoyin gonarsa, masaƙi ya san zarurrukan da ya miƙe kafin ya fara saƙa, liman ya san sahu bayan sahu.

Ku lura da wani abu. Cikin kalmomin nan duka babu wadda ta yi zancen rashin haɗuwa. Zancen rakiya suke yi: biyu suna tafe tare, kowa na ganin ɗan'uwansa. Ma'anar littafi ce ta zo da korewa, ta ce ba za su gamu ba. Uklidis, wanda muka sani da Eklid a lakwal, ya rayu a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma shi ya ajiye wagga ma'ana a matsayin ta 23, ta ƙarshe, a farkon littafi na ɗaya cikin littattafansa 13. Don haka abu ɗaya yana da fuska biyu: "alƙiblarmu ɗaya" da "ba za mu gamu ba". A bisa takarda, layukan da ba sa haɗuwa su ne masu fuskantar wuri ɗaya. Waɗanda suka saɓa a alƙibla, ko da ƙanƙanin saɓani ne, dole su ci karo wani wuri, ko gaba ko baya. Mai cewa "ni da wane paralel muke" don ya nuna ƙiyayya, da ya san abin da bakinsa ya faɗa, da ya sake shawara.

Ido ba shaida ba ne

An ce gani ya kori ji. A nan dai gani shi ne farkon mai ruɗi. Tsaya tsakiyar miƙaƙƙen gudron ka dubi nesa: bakin hanya na dama da na hagu za ka ga sun matso sun haɗe can inda sama ta taɓa ƙasa, alhali faɗin hanyar bai ragu ba. Ido ya haɗa abin da bai haɗu ba. Yana kuma iya raba abin da zai haɗu.

Ga lissafi mai sauƙi. Layuka biyu da tazarar mita ɗaya tsakaninsu, in ɗaya ya karkata wajen ɗaya da digiri guda tak, za su gamu bayan mita 57 da ƴan kai. In karkatar kashi ɗaya ce bisa ɗari na digiri, sai an yi tafiyar mita 5730, kusan kilomita shida. A cikin kaye, layuka biyu masu tazarar santimita 2 da karkatar digiri ɗaya za su gamu ne bayan mita ɗaya da santimita 15, wato can wajen tebur, inda ba takarda. Ma'aunin kusurwa da muke saye a kasuwa kuwa digiri-digiri aka tsaga shi. Abin da ya gaza haka ba ya ganin shi.

Sayo ma'auni mafi kyau ba zai fid da mu ba. Kowane ma'auni yana da iyakar abin da yake iya rarrabewa, kuma ƙarƙashin wagga iyaka akwai wurin da ƙaramar karkata za ta ɓuya. Awo zai iya ce maka: cikin kilomita kaza masu zuwa, ba za su haɗu ba. Ba zai taɓa ce maka har abada ba. Nan ne bambancin yake tsakanin "sun haɗu" da "ba za su haɗu ba". Na farko yana da wuri, kana iya ɗora yatsa ka ce ga shi. Na biyu ba shi da wurin da za a nuna. In ka bi layukan shekara goma ba su gamu ba, mai gardama zai ce maka saura kaɗan, kuma ba ka da abin rufe mashi baki.

Dabarar layi na uku

Yaya masu lissafi suka fita wagga matsala? Sun daina bin layukan. Sun ja wani layi na uku ya gitta su duka biyun, ya yanki na farko a A, na biyu a B. Sai suka dubi kusurwoyi biyu na ciki, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, waɗanda ke yin siffar harafin Z. In kusurwoyin nan daidai suke, layukan ba za su haɗu ba. Ita ce mas'ala ta 27 a littafin Uklidis na ɗaya.

Mi ya sa haka? Uklidis ya bi tasa hanya, amma ga wadda za ka iya gwadawa da hannunka. Kafa tsinken kompa daidai tsakiyar A da B, ka juya takardar rabin kewaye, sama ta koma ƙasa. A zai faɗa gurbin B, B ya faɗa gurbin A. Tun da kusurwoyin daidai suke, layin sama zai kwanta daidai inda na ƙasa yake, na ƙasa ya kwanta inda na sama yake. Zanen bai canza ba, sai dai dama ta koma hagu. To, a ce layukan sun gamu can nesa wajen dama. Juyin nan ya nuna ke nan sun gamu wajen hagu ma, a nisa iri ɗaya. Sun gamu sau biyu. Amma miƙaƙƙun layuka biyu daban-daban ba sa tarayya a ɗigo biyu, don tsakanin ɗigo biyu miƙaƙƙen layi ɗaya ne kaɗai. Saboda haka ba su gamu ko'ina ba. Ba wanda ya je ƙarshen layi. Hankali ne ya nuna cewa haɗuwar, in an ƙaddara ta, tana karya kanta.

Sauran hanyoyin da muka koya duk ƴan gida ɗaya ne da wagga. Layuka biyu da kowanensu ya yi kusurwar digiri 90 da wani layi guda, paralel ne: aikin ekar ke nan, kuma da shi kafinta ke fid da gefen allo. A ajin ƙarshe na kwaleji aka ba mu juyin ƙa'idar Tales: cikin alwatika ABC, in M na bisa AB, N na bisa AC, AM 2 ne cikin 6, AN 3 ne cikin 9, kowane kashi ɗaya bisa uku, to (MN) da (BC) paralel ne. Da muka shiga lise sai abin ya koma alƙaluma. Ɗauki y = 2x + 1 da y = 2x + 5. In ka nemi inda suka haɗu, lissafi zai kai ka ga 1 = 5, abin da ba ya yiwuwa. Amma sauya na farko ya zama y = 2,001x + 1, wato ƙarin ɗaya bisa dubu a gangararsa: za su gamu a x = 4000. A tabulo ba mai iya rarrabe zanen nan biyu, amma ɗaya har abada ne, ɗaya kuwa yana da rana.

Darasin dai ɗaya ne. Ba a gane layuka biyu ta kallon junansu. Ana gane su ta yadda kowane ya tsaya game da abu na uku da ya ratsa su duka.

Ginshiƙi na biyar

Akwai sauran rina a kaba. Uklidis ya gina littafinsa bisa ginshiƙai biyar da ya nemi a yarda da su ba tare da hujja ba. Huɗu na farko gajeru ne, kowa ya ji zai ce i mana: ana iya jan layi daga ɗigo zuwa ɗigo, ana iya ƙara tsawonsa, ana iya zana da'ira, kusurwoyin digiri 90 duk daidai suke. Na biyar dogo ne, kuma ga abin da ya ƙunsa: in layi ya gitta layuka biyu, kusurwoyin ciki na gefe ɗaya suka gaza digiri 180 in an tara su, to layukan za su haɗu a wannan gefe, komi nisa. Alƙawarin haɗuwa ne. Uklidis ya iya kawo hujjar cewa wasu layuka ba za su gamu ba, amma cewa duk masu karkata wajen juna za su gamu, wannan sai da ya roƙi a yarda. Ya yi mas'aloli 28 bai taɓa ginshiƙin ba, sai a ta 29 ya jingina da shi.

Abin ya tsaya wa masana a rai. Suna ganin magana mai tsawo haka kamata ya yi ta zama sakamako, a fid da ita daga sauran huɗun. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid, kuma malaman can suka shiga aikin gadan-gadan. Sabitu bin Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya gwada. Ibnul Haisam a Alƙahira ya gwada ta hanyar tunanin sanda mai tafiya a tsaye bisa layi, yana cewa kanta zai zana wani miƙaƙƙen layi. Umar Hayyam, a rubutunsa na 1077, ya ƙi yarda a shigo da motsi cikin hujja, ya ɗauko wata siffa mai gefe huɗu ya bincika ta. Nasiruddin Ɗusi, wanda ya rasu a 1274, ya ci gaba daga nan. A 1733 wani malamin Italiya, Sakeri, ya koma ga siffar nan ta Hayyam: ya ƙaddara cewa ginshiƙi na biyar ƙarya ne, ya yi ta fid da sakamako yana jiran ya ci karo da abin da ba ya yiwuwa. Bai ci karo da shi ba, ko da yake ya rufe littafinsa yana cewa ya ci. Mafi yawan masu gwadawa, in an tona hujjarsu, sai a tarar sun shigo da ginshiƙin nan ta taga cikin wasu tufafi.

Sai a ƙarni na 19 aka gane dalili. Lobacefski a Kazan ta Rasha ya buga aikinsa a 1829, Boyai ɗan Hangari a 1832, Gaus na Jamus kuwa ya hango abin amma bai buga ba. Sun nuna ana iya ajiye ginshiƙi na biyar gefe, a gina wani ilimin awo cikakke, inda ta ɗigo ɗaya layuka da yawa ke wucewa ba tare da sun taɓa wani layi da aka ba da ba, inda kusurwoyin alwatika ba sa cika 180. A 1868 Beltarami ya tabbatar cewa in ginin Uklidis ba ya karo da kansa, to wanga sabo ma ba ya yi. A irin wannan fili, layuka biyu na iya karkata wajen juna su yi ta matsowa, ba su gamu ba. Ashe ginshiƙi na biyar bayanin irin filin da ake zane a kansa ne. Filin takarda ne ya sa shi gaskiya.

Filin da muke tsaye bisansa

Ba sai mun je Kazan ba. Yamai da Maraɗi kusan tsayi ɗaya suke daga layin da ya raba duniya biyu, wajen digiri 13 da rabi arewa. Yamai na wajen digiri 2 gabas, Maraɗi wajen digiri 7. A ce mutum biyu sun tashi, ɗaya daga kowane gari, kowa ya miƙe arewa sak, ba dama ba hagu. Layukan da suke bi, in an mayar da su kudu, kowane ya yanki layin tsakiyar duniya a kusurwar digiri 90. Bisa ƙa'idar ekar, paralel ne. Amma tazararsu, wadda ta kai wajen kilomita 555 a tsakiyar duniya, a wajenmu ta ragu zuwa wajen 540, kuma bayan tafiyar kilomita wajen 8500 za su yi gaba da gaba a ƙuryar arewa ta duniya. Ba wanda ya karkace cikinsu. Ƙasar ce dunƙulalliya.

Ina hujjarmu ta ɗazu ta karye? Mun ce in sun gamu dama dole su gamu hagu, kuma gamuwa biyu ba ta yiwuwa. A bisa ƙwallo tana yiwuwa: sun gamu a ƙuryar arewa, sun gamu a ta kudu. Riman ya buɗe ƙofar irin wanga tunani a laccarsa ta 1854. Haka magini da ke sakin igiya mai nauyi don ya tsai da bango: bangaye biyu da ya tsayar daidai, kowane yana nuna cibiyar ƙasa, don haka can ƙasa layukansu haɗuwa za su yi. A gida ɗaya ba a lura, amma tsakanin wurare biyu masu nisan kilomita 111, bambancin ya kai digiri guda. Masu salla biyu kafaɗa da kafaɗa ma, kowa ya miƙe gabansa kamar ba za su gamu ba, alhali Ka'aba ɗaya suka nufa.

Ke nan kafin mai lissafi ya ce "har abada", sai ya riƙe abu uku a hannu: layukan miƙaƙƙu ne ba sa tanƙwara, kusurwoyin daidai suke ba wai kusan daidai ba, filin kuma shimfiɗaɗɗe ne ko'ina. A cikin tambayar jarrabawa ba shi ake yi waɗannan, kyauta. A duniya ba mai ba ka su.

Mu dawo ga mutane

Lissafi ba ya yanke hukunci bisa ɗabi'a, kuma misali ba hujja ba ne. Abin da yake yi muna shi ne ya nuna nauyin jimlar da muke ɗauka da yatsa biyu. Mu ɗauki rabuwar da kowa cikinmu ya sani, ta ɗiyan lakwal da ɗiyan makarantar Larabci. Wannan yana ganin wancan bai san zamani ba, wancan yana ganin wannan an wanke mashi kai. Kowane gefe akwai masu cewa hanyoyin nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, ba kuwa za su haɗu ba.

Rabin farko na maganar tarihi ya ƙaryata shi. Littafin Uklidis da ake koya muna guntayensa da Faransanci, ta Larabci ya fara komawa Turai ta yamma cikakke: wani Bature ɗan Ingila, Adelar, ya fassara shi daga Larabci zuwa Latin a ƙarni na 12. Kalmar aljebur daga aljabru take. Kalmar da Faransawa ke kiran alƙaluman lissafi da ita, shifur, da sifirin da muke faɗi da Hausa, uwarsu ɗaya, sifr ta Larabci. A nan gida ma, tun 1957 aka buɗe madarasa mai haɗa Faransanci da Larabci a Say, garin da jami'ar Musulunci ta buɗe a 1986. Rabin na biyu kuwa, na "ba za su haɗu ba", a auna shi da sharuɗɗan nan uku. Mutum miƙaƙƙen layi ne? Wa ya auna kusurwar zuciyar wani har ya ce daidai take, ba ko ɗigon karkata? Filin fa? Damina ɗaya muke jira, tiyar hatsi kuɗi ɗaya ake sayar muna, layin asibiti ɗaya muke bi, takardar neman aiki ofis ɗaya muke kai ta. Fili irin wanga lanƙwasa mutane yake wajen juna ko suna so ko ba sa so.

Wani zai ce: hali zanen dutse ne. Wanda ya ci amanarka sau biyu, jiran mi kake? Akwai gaskiya a nan, kuma ban ce a zama wawa ba. Awo yana da amfani cikin iyakarsa. Dabarar layi na uku ma tana aiki ga mutane fiye da kallon fuska ko jin daɗin baki. In kana son sanin ko alƙiblarku ɗaya da wani, dubi yadda ya tsaya sa'ad da wani abu ya gitta ku duka: kuɗin asusun ƙungiya da aka ba shi ajiya, takardar jarrabawa da ta fita kafin ranarta, ɗan ɗakinku da ya kwanta ciwo burs ba ta fito ba. Nan za ka ga arabizan da farankofon sun tsaya kusurwa ɗaya, ka ga kuma abokai biyu masu shan shayi tare kullum sun saɓa. Abin da ka gani ya ishe ka ka ce: bana ba zan ba shi ajiya ba. Wadda aka cuta tana da haƙƙin ta nisanci wanda ya cuce ta, ba mai tilasta mata. Wannan hukuncin mita 57 ne, kuma halal ne. Abin da awon bai ba ka ba shi ne ka ce ka san ƙarshen mutum.

Nan ilimin harshe yana da abin cewa. Hausa da "za" ɗaya take yin aiki biyu. "Za a yi ruwa" hasashe ne: in ba a yi ba, ka yi kuskuren hange, ba mai kama ka. "Zan biya ka ran Juma'a" alƙawari ne: in ba ka biya ba, kai ka saɓa. Wani masani ɗan Ingila, Jon Ostin, cikin littafinsa da ya fito a 1962, ya rarrabe maganar da ke ba da labari da maganar da ita kanta aiki ce, irin su na yafe, na rantse, na sallama. To "ba za mu haɗu ba har abada" wace iri ce? Tana sanye da rigar labari, kamar mai faɗin ta ya hango wani abu ne can gaba yana sanar da mu. Amma mun ga ba mai iya hango wannan. Abin da ya rage shi ne aiki ce: mai maganar ya yanke shawara ne, yana kuma ɗora wa ƙaddara. Da ya ce "na ƙudura ba zan neme shi ba", da ya ɗauki kayansa da kansa, kuma ana iya tambayarsa dalili, shi ma yana iya sake tunani wata rana. Da ya ce "hanyarmu ce daban", sai ya wanke hannunsa, ya rufe ƙofar tambaya.

Haka abin yake ta ɗaya fuskar. In ba mai iya tabbatar da rabuwa ta har abada, ba mai iya tabbatar da rakiya ta har abada. Shin wannan ya rushe amana ke nan? Dubi layin dogo irin wanda ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Tazarar ƙarafunansa biyu milimita 1435 ce. Ba don an saita su daidai a tashar farko aka sake su ba ne suke riƙe wagga tazara. Ƙasa da kowace mita akwai gungumen kankare kwance a gicciye, an ɗaure su da shi, kuma ma'aikata na bi suna sake awo, don zafi da ruwa da nauyin jirgi kullum ture su suke. Ga kwana, ga gangara, suna tafe tare. Kakanninmu sun taƙaita wannan da cewa zumunta a ƙafa take. Mai cewa "ina tare da kai" ya ɗauki aikin ɗaure gungume ne, yau ɗaya gobe ɗaya.

Amma gungumen da ke hana ƙarafunan nan rabuwa, shi ne dai ke hana su haɗuwa. A duniyar da komi ke motsi, tazara ba ta zama daram da kanta. In kun ga gida biyu, ko unguwa biyu, ko rukunin ɗalibai biyu sun shekara ashirin ba su matso ba ko taƙi ɗaya, akwai masu aikin riƙe tazarar: sunan banza da ake kiran juna da shi, labarin da ake maimaita wa ƙanne, gaisuwar da aka hana, kujerar da ba a zama kusa da ita. Wani lokaci akwai mai cin riba da rabuwar. Sau da yawa kuwa mu ne ma'aikatan, ba albashi.

Don haka, ƴan'uwa, in wagga jimla ta zo bakin ɗayanmu, ya yi wa kansa tambayar da mushe zai yi mashi a gefen takarda da jan bik: ina hujja? Wane layi na uku ka ja, mi ka auna, awon naka mita nawa ya kai? In amsar ita ce ba ka auna komi ba, ji ka yi an faɗa, to ka ajiye maganar. In ka auna, ka faɗi iyakar abin da ka gani, ka tsaya nan. In kuwa shawara ce ka yanke, ka kira ta da sunanta, ka ɗauki nauyinta. Sanin ƙarshen layi na Allah ne. Namu shi ne ɗan guntun da ke gabanmu, da abin da muka ɗaura a kansa yau.